Zaman jiran sakamako bayan gama sakandare

Na rubuta takardata ta ƙarshe ta NECO a watan Yuli, damina ta kankama, na dawo gida ba wani shiri. Na ɗauka hutun makonni ne, ashe sai an yi watanni kafin in ga aji.

Barci ne ya fara lalacewa. Tunda babu ƙararrawar makaranta, sai a kai ƙarfe biyu na dare ana latsa waya, a makara asuba, a tashi da hantsi jiki a mace. Abin da ya gyara mini wannan shi ne ɗaure yini da lokutan salla: bayan asuba tilawar shafi biyu, daga takwas zuwa azahar koyon ɗinki a shagon tela, bayan la'asar awa ɗaya da littafin Lissafi don kada kai ya yi tsatsa kafin jarrabawar tantancewa ta jami'a. Ƙarfe goma na dare waya ta bar ɗaki.

A shago kada ka zaci za a ba ka yadin mutane a watan farko. Guga ce da sa maɓalli, sai taka keke ba zare a kan takarda har layinka ya miƙe. In zare na yawan tsinkewa, duba allura tukuna: ko ta dakushe, ko an sa ta a karkace, ko zaren sama ya ɗaure da yawa. Maganar kuɗin koyo da lokacin tashi kuwa a yi ta ranar farko, a gaban babba daga gidanku.

Inda na ga an fi yin asara shi ne wajen takardu, kuma abin na ci mini rai. Sakamakon WAEC kan fito a watan Agusta, na NECO ya biyo baya. Wanda ya cike JAMB kafin sakamakonsa na WAEC ko NECO ya fito, dole ya je cibiyar CBT (wurin jarrabawa ta kwamfuta) da aka amince da ita a ɗora masa shi, in ba haka ba komai yawan makinsa gurbi ba zai fito a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, ba. Na riƙa leƙa CAPS duk Litinin, na kuma tabbatar sunana da ranar haihuwata sun zo ɗaya a NIN da sauran takardu. Wanda bai haɗa kiredit biyar har da Turanci da Lissafi ba, ya nemi rajistar GCE, jarrabawar da ake rubutawa daga wajen makaranta, tun a makon da ya ga sakamako, kafin a rufe.