Kafin ki biya kuɗin bilenda, juya gindinta

Shekaranjiya ɗiyar ƙanwata ta miƙo mini wayarta tana washe baki, wai ta samo bilenda mai wat 8000, ga fitilu, ga maɓallai goma sha biyu, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Ina ganin hoton gabana ya faɗi, don irin wannan lambar ce ta fara cin kuɗina, kuma sai da na binne bilenda uku kafin na yi hankali.

Na ce mata, 'yata, zo mu yi lissafi. Wat, wato ma'aunin wutar da inji ke ci, ai bolt (ƙarfin turin wuta) ne sau amfiya (yawan wutar da ke bi ta waya). Filogi mai fis na amfiya 13 a kan wuta mai bolt 230, iyakarsa wajen wat 3000. Inda wutarsu bolt 120 ce, kamar Amurka, soket na amfiya 15 ba ya wuce wat 1800. Inji mai wat 8000 na gaske a kan bolt 230 kusan amfiya 35 zai ja, wayar gidan ma ba za ta ɗauka ba. Wani lokaci lambar kwali ƙarfin da inji ke zuƙa ne na ƙiftawar ido sa'ad da ya tashi ko ya cije, wani lokaci kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ya fi kusa da gaskiya yana kan 'yar takardar da aka manna a gindin injin.

Bilendata ta farko kwali na saya. Ban ɗaga ta na ji nauyinta ba, alhali nauyi shi ne shaidar farko: inji mai yawan ƙarfe da koyil na jan ƙarfe yana da nauyi, wanda aka yi wa rowa kuwa sakayau yake, kuma nan da nan yake ɗaukar zafi. Amma a yi mini adalci, wa ya taɓa gaya mini? Mai sayarwa ya kunna ta babu komai a ciki, ta yi ruri, na ɗauka ƙara ita ce ƙarfi.

Ta biyu ni na kashe ta da hannuna. Na cusa kayan markaɗe manya-manya har baki, babu ruwa a ƙasa, na danna na tafi wani aikin. Idan haka ta faru, ko wuƙa ta cije, ko ta huda rami ta yi ta juyi cikin iska kayan na rataye a sama. Wuƙa na cijewa fankar da ke sanyaya injin ta rage gudu, wuta kuma ta ƙaru, fentin da ke jikin wayar koyil ya fara narkewa. Wannan ƙaurin da kike ji, shi ne. Takardar da ta zo da ita ta ce kada a wuce minti ɗaya ba a huta ba, ban karanta ba. To amma fa su ma, don me za su rubuta abu mai muhimmanci haka da ƙananan baƙaƙe?

Ta uku injinta lafiya lau. Robar da ke hana yoyo a gindin kofi ce ta saki, saboda ina barin kofin cikin ruwa ya kwana. Ruwa ya bi sandar wuƙa, baƙin maiƙo ya fara fitowa, wuƙa ta yi tauri, haƙoran robar da ke haɗa inji da kofi suka cinye. Kaya ne 'yan ƙanana, amma na nema na rasa, don samfurin ba shi da asali.

Na yi niyyar jero muku shawara goma. Amma ku yaran yanzu, bidiyon da ya wuce daƙiƙa talatin ma ba kwa iya ƙarasawa, don haka ga kaɗan.

Wat 500 zuwa 700 na gaske sun isa tumatir, albasa da 'ya'yan itatuwa. In ƙanƙara ko gyaɗa za ki riƙa niƙawa kullum, ki nemi 1000 zuwa sama. Busasshen abu a ƙaramin kofinsa na daban ake niƙa shi, in ba haka ba ya kankare babban kofin ya dusashe. Maɓalli uku sun wadatar, muddin akwai na danna-saki. Ki leƙa cikin kofi: mai tsukakken gindi da ƙirori a jiki shi ke mayar da kaya kan wuƙa. Ki tambaya ko ana samun roba da haƙora da wuƙa daban, in babu, ki ajiye.

Kofin gilas ya fi, ba ya riƙe wari, ba ya karcewa. Ko da yake in hannunki irin nawa ne, ki ɗauki na roba mai kauri, gilas sau ɗaya yake faɗuwa. Kada ki sayi bilenda mai arha. To, in aljihun bai kai ba, ki saya, amma ki riƙe ta yadda ya kamata: ruwa a fara zubawa, kaya a yanka ƙanana, kada cika ya wuce kashi biyu cikin uku. Abu mai zafi kuwa ki bari ya huce, kada ya kai rabi, ki cire ɗan murfin tsakiya ki rufe da tsumma, don tururi yana cilla murfi.

Duk na faɗa wa yarinyar nan. Ta ce, Inna, amma waccan launinta ya dace da kicin ɗina. Na ce to, ki adana rasit da kwali.