Godiya ga mutanen hanyar Koko da bakaniken da ya gano ciwon motata

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun dawo Birnin Kebbi lafiya daga ta'aziyyar da muka je Yawuri ni da Inna, motar ma ta miƙe. Akwai bayin Allah da suka tsaya mana a wannan tafiya, wasu ko lambarsu ban karɓa ba, shi ya sa na kawo godiyata nan ko Allah zai sa ta kai gare su.

Waɗanda suka ga neman shawarar da na yi kwanakin baya sun san yadda abin ya faro. In na tayar da motar, sulo, wato bugun injin in mota na tsaye, ya riƙa hawa yana sauka shi kaɗai, ƙafata ko kusa da totur ba ta je ba. In na taka daga tsaye sai ta shaƙe kamar za ta mutu, can kuma ta fizga. An canza fulogi, an wanke nozul, wani ya ce man 'yan bumburutu ne, wani ya ce famfon mai ya gaji.

Mun wuce Jega da Maiyama, mun doshi Koko, na fito zan wuce wata tirela mai lodin albasa. Na taka totur, motar ta ƙi amsawa, ga wata mota ta taho gaba da gaba. Allah ne ya kiyaye. Na koma bayan tirelar, na gangara gefen titi, nan ta mutu, ga magariba ta kawo jiki.

Godiyata ta farko ga dattijon da gidansa ke bakin hanyar. Bai tambaye mu ko su wane ne mu ba, ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo buta, matan gidan suka shiga da Inna ciki suka dama mata fura. Sai ɗan kabu-kabun da ya tafi Koko ya ɗauko bakanike, kuɗin mai kawai ya yarda ya karɓa.

Bakaniken nan shi ne dalilin wannan rubutu. Yana isowa na ce masa famfon mai ake zargi, ya canza kawai mu samu mu tafi. Ya ce, "Alhaji, wagga mota ba yunwar mai take ji ba, bari mu gani tukuna." Ya sa yaronsa ya tayar da ita, ya take burki, ya sa giya, ya ɗan ba ta wuta. Injin na karkatawa, sai ya haska tocila ƙarƙashin babban tiyon da ya taso daga matatar iska zuwa bakin totur. A cikin lanƙwasar robar akwai tsaga mai tsawon ɗan yatsa. In injin na zaune ƙalau bakinta a rufe yake, ba mai ganinta, in ya motsa sai ta buɗe.

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Sansar da ke auna iska tana kusa da matatar iska, kafin tsagar. Duk iskar da ta kutsa ta tsagar ba a ƙirga ta ba, don haka kwamfutar motar take sakin mai daidai da abin da aka gaya mata, man ya yi kaɗan, injin ya shaƙe. Sansar da ke jikin salansa ta ji haka, kwamfuta ta ƙaro mai, sulo ya haura, ta rage, ya faɗo. Ya naɗe wurin da salatif da robar tayar babur, ya ce naɗin zai kai mu Yawuri ya dawo da mu, amma kada in zauna a kansa. Da ya so, da ya sayar mini da famfo a daren nan, ni kuwa da na biya ina godiya. Wannan amana ta fi gyaran kansa girma a wurina.

Da muka dawo na kai ta wurin mai gyaran wayoyin mota a nan Birnin Kebbi. Ya jona na'urarsa, ta nuno P0171, lambar da ke nufin iska ta rinjayi mai. Injin fetur na son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a nauyi, tsagar nan ita ta ɓata lissafin. Ya sa sabon tiyo, ya canza matatar da ƙurar hunturu ta toshe, ya goge baƙin da ya daskare a bakin totur, ya fesa wa sansar iska maganin da aka yi dominta, domin siririyar wayar cikinta ba ta son a taɓa ta da hannu ko a wanke ta da fetur. Sannan ya bar injin yana aiki har sulo ya zauna. Shi ma na gode masa, da yaransa da suka wuni a rana.

'Yan uwa da kuka yi ta kira cikin dare kuna tambayar inda muke, da ƙanena da ya shirya tasowa daga Jega, Allah ya bar zumunci. Inna ta ce in isar da gaisuwarta ga matan gidan nan musamman, tana sa musu albarka. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya tsare mu a hanyoyinmu, ya jiƙan wanda muka je wa ta'aziyya. Amin.