Ni da Ju-kyung mun raba gari

Asabar, bayan isha'i

Yau na goge True Beauty daga wayata ban kai ƙarshe ba. Kashi 16 ne, kowane ya haura awa guda, ni kuwa wajen tsakiya na tsaya. Ba halina ba ne barin fim a hanya. Ko ya gundure ni nakan daure, ko don kuɗin datar da na ƙona wajen sauke shi. Wannan karon dai zuciyata ta ƙi.

Safiyar ba wani abin kirki a cikinta. Wanki, wanke-wanke, an ɗauke wuta tun hantsi, Umma ta aike ni cefane na dawo da ciwon kai saboda rana. Sai bayan la'asar na samu na miƙe a kan tabarma a tsakar gida na kunna waya, Auta ta zo ta kwanta a gefena kamar yadda ta saba, ta karɓe kunne ɗaya na abin saurare.

Ga wanda bai sani ba, tashar tvN ta Koriya ta Kudu ce ta nuna shi daga Disamban 2020 zuwa Fabrairun 2021, an kuma ɗauko shi ne daga wani labarin zane da ake karantawa a waya. Yarinya ce 'yar sakandare, Ju-kyung, da 'yan makarantarsu suka sa a gaba wai mummuna ce. Suna aikenta sayo musu abinci, suna yi mata dariya, har suka ɗauke ta a bidiyo ranar da ta fi jin kunya a rayuwarta. A kashi na farko ma har ta hau saman bene da niyyar faɗowa. Sai aka damfari mahaifinta, suka koma tsohuwar unguwarsu, ta sauya makaranta. Kafin nan ta zauna ta koyi kwalliya a intanet, ranar da ta shiga sabuwar makarantar kowa ya saki baki. Daga nan sai zaman ɗar-ɗar, kada wani ya ga fuskarta ba hoda.

Farkonsa ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Yadda take cin abinci ita kaɗai, yadda take murmushin dole idan an yi mata ba'a don kada a ce ta ji haushi, duk wadda aka taɓa raina wa halitta ta san wannan murmushin. Ina kuma son shagon littattafan zanen nan da take ɓuya a ciki da tsohuwar riga da gilashinta, tana karanta labaran ban tsoro. A nan kaɗai nake ganin ta a matsayin mutum mai abin da take so.

Abin da ya fara ci mini tuwo a ƙwarya shi ne munin nata. Moon Ga-young ce ta fito a Ju-kyung, kyakkyawa ce ta bugawa a jarida. Sai aka ɗiga mata jajayen ƙuraje a kumatu, aka cika mata gira, aka ɗora mata faffaɗan gilashi, aka ce mana ga mummuna nan. Hancin nan dai shi ne, haɓar ita ce, siririn jikin shi ne. Wato masu shirin da ke cewa kyau ba a fuska yake ba sun kasa amincewa mu kalli fuskar da ba ta kai ba na awa guda. Munin da ruwa da sabulu ke wankewa a bayan kyamara suka ba mu. Yarinyar da nata ba ya wankuwa fa, ina ita a cikin labarin?

Sannan ga mai ceton. Su-ho, wanda ya fi kowa kyau da ƙoƙari a makarantar, ga kuɗi, shi ne ya gan ta ba kwalliya ya ce ta yi masa. Cha Eun-woo ne ya fito a wurin, mawaƙin ƙungiyar Astro. Abin dariyar, shi ɗin dai aka ɗauka a 2018 a My ID Is Gangnam Beauty na tashar JTBC, inda yarinyar ta yi tiyatar gyaran fuska kafin ta shiga jami'a, nan ma shi ne kyakkyawan da ya tabbatar mata ta isa. Sau biyu ana kiran mutum ɗaya ya zo ya buga hatimi. Ba a taɓa cewa bari a kawo wani gajere mai kunnuwa fato-fato ya ce yana sonta mu ga ko za ta ji ta warke ba. Daga baya kuma aka ƙaro Seo-jun mai babur, labari ya koma wa za ta zaɓa, maganar cin zalin da aka fara da ita ta koma gefe.

Ba na cewa tsoron nata ƙarya ne. Tun da na fara kallon nake ɗan bin labarin ƙasar, abin ya fi yadda na zata. A unguwar Gangnam ta birnin Seoul, musamman wajen Apgujeong da Sinsa, akwai benayen da asibitocin gyaran fuska ne hawa bayan hawa. Wanda aka fi yi shi ne na fatar ido, a yi mata ninki don ido ya ƙara buɗewa. Idan aka gama babbar jarrabawar shiga jami'a a watan Nuwamba, asibitocin kan yi rangwame ga ɗaliban da suka nuna katin jarrabawarsu, wasu iyayen ma kyautar gama makaranta kenan. Wani bincike na Gallup Korea a 2015 ya nuna kusan mace ɗaya cikin uku 'yan shekara 19 zuwa 29 ta taɓa yin tiyatar gyaran fuska ko jiki. Sai a 2019 doka ta hana kamfanoni tambayar mai neman aiki tsayinsa da nauyinsa. A 2018 wata mai karanta labarai a tashar MBC, Lim Hyeon-ju, ta fito da gilashi a idonta, wannan kaɗai ya zama labari a ƙasar, alhali abokan aikinta maza sun daɗe suna sawa ba wanda ya tanka. A shekarar ne kuma 'yan mata suka riƙa farfasa kayan kwalliyarsu suna aske dogon gashi suna sa hotunan a intanet, suna cewa sun gaji.

To ƙasar da ke da irin wannan labarin a hannu, shirin da ya zo bayan duk wannan, sai ya ɓige da haska jambaki. Duk lokacin da Ju-kyung ta zauna gaban madubi sai kiɗa ya yi daɗi, haske ya yi laushi, kyamara ta matso kan ɗan kwalin hodar har ka iya karanta sunansa. Baki na cewa ki so kanki yadda kike, hannu na miƙo miki abin saya.

Duk wannan da na iya haɗiyewa. Abin da ya tsayar da ni Auta ce. Muna cikin kallo aka nuno wurin da aka jera fuska biyun, ta da da ta yanzu. Ta sa yatsa ta tsayar da fim ɗin, ta ɗago ta dube ni.

"Yaya, ni a wacce nake? Ta farkon ko ta biyun?"

Na yi dariya na ce wace irin tambaya ce wannan. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce ai ita ma tana da ƙuraje a goshi, kuma ita Ju-kyung ko ba komai fara ce. Shekararta 14. Ita ce mai duhun fata a gidanmu, kuma ba yau gwaggonninmu suka fara cewa a wurin biki "wannan ita ce ta ɗauko Baba" da wata irin murya ba. Na lura kwanan nan ta daina shiga hoto sai ta tsaya ta inda rana ke bugowa. Hodar da ake ta haskawa a fim ɗin, yawancin masu yin ta a can lamba 21 da 23 suka fi fitarwa, dukansu farare ne sol, ko kusa da fatarta babu.

Na ce mata ba ta cikin ko ɗaya, kuma 'yar fim ɗin fenti aka yi mata. Ta ce ta sani, ai ba yarinya ba ce. Ta danna ya ci gaba. Ni kuma daga nan ban ƙara fahimtar komai ba, rubutun fassarar na wucewa a ƙasa ina kallon gefen fuskarta. Da aka kira magariba na karɓi wayata.

Wajen cin tuwo ta kai ƙarata wurin Umma wai na goge mata fim. Umma ta ce madalla, dama ita ba ta ga abin kallo a mutanen da maza da matansu duk jambaki suke sawa ba, a miƙo mata man shanu. Ba goyon bayan da nake nema ba kenan, amma na karɓa.

Ƙawata da ta tura ni ga fim ɗin ta aiko saƙon murya a WhatsApp, dogo, tana faɗa. Wai na yi gaggawa, wai gaba asirin zai tonu a makaranta kowa ya ga ainihin fuskar, a nan darasin yake. Na tambaye ta to daga ƙarshe me yarinyar ta zama. Ta ce sana'ar yi wa mutane kwalliya ta kama. Na ce Allah ya ba da sa'a. Ta ce ni dai na cika sa wa abu ido, fim ne kawai, mutum ya kalla ya huta. Wataƙila da gaskiyarta, ita ba ta da ƙanwa a gida.

Auta ba ta yi mini sai da safe ba. Na kuma ji tana waya da 'yar ajinsu a soro, ana shirya yadda za a turo mata sauran kashin ranar Litinin a wayar Umma. Gobe akwai sunan 'yar maƙwabta, ban goge kayan da zan sa ba, wutar ma har yanzu ba su kawo ba.