Fim ɗin naɗaɗɗiyar gawar Masar da kuɗi kaɗan: bandeji ne ya cinye mu

Duk wanda zai yi fim ɗin ban tsoro na gawar Misirawan dauri, kada ya yarda a riƙa naɗe ɗan wasa da bandeji a lokeshan. A Birnin Kebbi muka ɗauki namu, cikin wani tsohon gidan ƙasa, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, kuma wannan naɗin ne ya ci rabin lokacinmu.

Misirawan dauri gawa suke naɗewa, bayan sun busar da ita da kanwa na kwana 40 cikin aikin da ke ɗaukar kwana 70. Gawa ba ta lanƙwasa gwiwa, ba ta gumi, ba ta neman alwala. Namu mutum ne mai rai. Naɗi ɗaya yakan ci kusan awa biyu, da ya yi taku goma sai gwiwa da gwiwar hannu su saki, zufa ta jiƙa ƙyallen ya zame. La'asar ta yi, sai ya ce, "Darakta, a kwance ni in yi sallah." Ka kwance, ka sake naɗawa, naɗin kuma ba zai taɓa fitowa irin na ɗazu ba. A wajen editin muka ga ta'asar: a fitowa ɗaya kafaɗar dama a rufe, kyamara na juyawa ga ta a buɗe. Dole muka koma muka sake ɗauka, ga kuɗin hayar kyamara, ga man janareta, ga abincin ma'aikata.

Maganin yana hannun tela. A samo riga mai dogon hannu da wando masu kama jiki, a yayyaga akoko tsiri-tsiri, faɗin yatsa uku zuwa huɗu, a ɗinke su a kai ɗaya na hawa kan ɗaya, a bar sassauci a gaɓoɓi. Zif a baya, tsiri guda ya rufe shi. A ɗinka biyu, ɗaya na shan iska ɗaya na jiki. Kai da tafin hannu kaɗai za a naɗe a lokeshan, minti ashirin ya isa.

Kada a bar ƙyallen fari. Bahaushe na ganin fari zai ce likkafani ne, fim ya koma na fatalwa. A jiƙa shi cikin dafaffen ganyen shayi mai kauri, a shanya, a goga toka da jar ƙasa a gefuna. Fari ma yana ƙona hoto idan fitila ta haske shi.

Inda irin wannan fim yake da daɗi, dodon ba ya magana, fuskarsa a rufe, ba ka buƙatar babban jarumi. Bangon laka da fitila ɗaya daga gefe sun ba mu inuwar da ta fi gawar kanta tsoratarwa. Ƙarar jan ƙafarsa kuwa, buhun gero muka ja a kan yashi muka ɗauki sautin daban, don janareta ba ya barin a ji komai a lokeshan.

Raunin dodon tafiyar hawainiya. Ka nuna shi a fili yana bin saurayi mai ƙafa, 'yan kallo dariya za su yi. A matse shi cikin zaure ko lungu mai ƙofa ɗaya, a nuna hannu, a nuna ƙafa, cikakken jiki sai can ƙarshe.

Hayaƙin turaren wuta yana kyau a hoto, amma kaskon ya yi nesa da ɗan wasan, busasshen ƙyalle ba ya wasa da garwashi. Kuma a bar masa kafa a baki da zai sha ruwa da tsinken roba, don mu sai da muka warware kan gaba ɗaya duk lokacin da ƙishi ya kama shi.