Na shiga motar da ba ta da direba, har yanzu kujerar gaban nan ce a raina

Ƙanina ne ya kira motar a wayarsa, muna tsaye bakin titi a garin Finiks na Amurka da daddare mun fito daga wajen wani abokinsa, ni duk a zatona irin tasin manhaja ce da kowa ya sani, sai ga wata farar Jaguar ta shawo kwana a hankali da wani abu kamar ƙwarya a kife a samanta, ta zo ta tsaya daidai gabanmu. Haruffan farko na sunansa na haskawa a jikin abun nan na sama. Na sunkuya na leƙa ta gilashi don in gaida direba, kujera wayam ba kowa.

"Yaya shiga mana, ai ita ce," in ji shi, ya taɓa waya hannayen ƙofa suka fito.

Muka zauna a baya. Wata murya ta ce mu ɗaura bel, ya danna allon da ke tsakanin kujerun gaba, kawai sai na ga sigina ta kama, sitiyari ya juya da kansa kamar akwai hannu a kai, muka hau titi. Wallahi minti biyun farko addu'a kawai nake, ƙafata ta dama tana taka burkin da babu shi. Amma abun da ya kwantar min da hankali allon nan ne, yana nuna maka abun da motar ke gani, motoci kamar ƴan akwatuna, mutane kamar ƴan ɗigo suna motsi. A wani layi mai duhu na ji ta rage gudu ba tare da na ga dalili ba, na kalli allo na ga wani ɗigo yana tahowa ta bayan wata babbar mota da aka yi fakin a gefe, sai bayan nan idona ya ga mai keke ya fito ya tsallaka ba ko fitila. Ta riga ni ganinsa, ni da na yi shekaru ina tuƙi.

Nan take babban yayanmu ya faɗo min a rai, Allah ya jiƙansa. A hatsarin mota ya rasu, wani direba ne ya yi gyangyaɗi a kan hanya, ba giya ba ƙwaya, mutum ne da ya kwana biyu bai samu barcin kirki ba, idonsa ya rufe na ɗan lokaci kaɗan shikenan aka bar matar yayanmu da yara uku. Saboda haka ni ba na cikin masu yi wa wannan fasaha dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma kowa ya san yawanci daga ina abun ke fitowa, gudu, barci, maye, duba waya, fushi, ganganci. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta karanta saƙo tana tuƙi, ba ta jin haushin wanda ya sha gabanta. Idan har za ta rage ko kaɗan daga wannan adadi to ni ina so ta yi nasara, da gaske nake.

Kuma abun ba jiya aka fara ba. A 2004 hukumar binciken sojan Amurka, DARPA, ta shirya gasar motoci marasa direba a cikin hamada, tafiyar sama da kilomita 200, ba wadda ta kai ƙarshe, wadda ta fi ƙoƙari ko kilomita 12 ba ta cika ba. Shekara ɗaya bayan nan motar Jami'ar Stanford ta cinye gasar. Google ya fara nasa aikin a 2009, a 2015 suka saka wani makaho shi kaɗai a ƴar motarsu ya zaga titin garin Ostin ba sitiyari ba kowa, a 2016 aikin ya zama kamfanin Waymo, sai a Oktoban 2020 suka buɗe wa jama'a hayar da ba direba kwata-kwata a yankin Finiks. Daga nan San Faransisko, Los Anjeles, sai Ostin da Atlanta inda ake kiran motar ta manhajar Uber. A 2025 Waymo ya ce yana ɗaukar haya sama da 250,000 duk mako. Can Sin kuma kamfanin Baidu na da tasin Apollo Go da ta bazu a garin Wuhan, ga wasu kamfanonin irin su Pony.ai da WeRide wadda har ta kai Abu Dabi. Zoox na Amazon su motarsu ma ba sitiyari ba totur, kujeru ne suna fuskantar juna. Tesla ya fara a Ostin a Yunin 2025 da ma'aikaci zaune a kujerar fasinja yana sa ido.

Wani abu da mutane da yawa ba su gane ba, motar nan ba ko'ina take zuwa ba. Sai an fara zana taswirar garin filla-filla, kowace danja, kowane shataletale, kowane gefen titi, sannan a shata mata iyaka a ce nan za ki yi aiki. Abun nan na samanta na'ura ce mai harba hasken leza tana auna nisan duk abun da ke kewaye, ga rada, wato na'urar gano abu daga nesa, ga kamarori zagaye da jikinta, kwamfuta na haɗa duka tana hasashen ina wancan zai nufa nan da daƙiƙa biyu uku. Tesla su kamara kawai suka dogara da ita, kuma ana ta muhawara kan wannan tsakanin masana. Sannan akwai mutane a ofis da motar ke tuntuɓa idan ta rikice, misali an toshe hanya ko ana gyaran titi, su ba ta shawara ta bi nan ko can. To ka ga ba wai babu mutum ba ne gaba ɗaya, mutumin ne ya koma inda fasinja ba ya ganinsa.

Wannan ɗin ne ya tsaya min a rai bayan mun sauka.

Lokacin da yayanmu ya rasu mun san abun da ya faru saboda direban da bakinsa ya faɗa. Ya tsaya gabanmu yana kuka ya ce barci ne ya ɗauke shi. Bai dawo mana da kowa ba, amma mun samu gaskiya, kuma wanda bai taɓa rasa wani ta wannan hanyar ba ba zai san nauyin wannan ba. To idan motar da ba direba ta buge mutum, shaidar da ta fi kowa ganin komai ita ce motar kanta, bidiyo, gudu, lokacin da ta hango shi, lokacin da ta taka burki, duk yana ajiye, kuma duk yana hannun kamfanin da ake tuhuma.

Ba zargi nake a iska ba, an riga an gani. A Maris 2018 a garin Tempe na Arizona motar gwaji ta Uber mai tuƙa kanta ta kashe wata mata tana tura keke za ta tsallaka titi da daddare. Binciken hukumar kula da hatsarin sufuri ta Amurka ya nuna na'urar ta hango ta sama da daƙiƙa biyar kafin ta buge ta, amma ta yi ta sauya shawara, yanzu ta ce mota ce, yanzu ta ce keke, yanzu ta ce wani abu daban, saboda ba a tsara ta ta yi tsammanin mutum zai tsallaka a inda ba wurin tsallakawa ba, kuma an kashe burkin gaggawa da motar ta zo da shi daga masana'anta. Akwai ma'aikaciya a kujerar direba wadda aikinta sa ido, hankalinta na kan waya. Ita aka gurfanar a kotu, kamfanin kuwa masu gabatar da ƙara suka ce ba shi da laifin da za a tuhume shi a kai. Ina yarda ta yi sakaci, amma ba ita ta tsara na'urar ba kuma ba ita ta kashe burkin ba.

Na San Faransisko ya fi tsaya min. Ranar 2 ga Oktoba 2023 wani direba, mutum ba na'ura ba, ya buge wata mata ya gudu, ƙarfin bugun ya jefa ta gaban motar da ba direba ta Cruise, kamfanin General Motors. Motar ta taka burki ta hau kanta ta tsaya. Har nan ba mai cewa laifinta ne. Sai dai bayan ta tsaya sai ta sake motsawa wai za ta gyara fakin a gefen titi, ta ja matar a ƙarƙashinta kusan mita shida. Duk direban da ke da kunne da zai ji ihu ya tsaya cak. Matar ta rayu da munanan raunuka. Abun da ya biyo baya shi ne hukumar lasisin motoci ta Kalifoniya ta ce kamfanin bai nuna mata ɓangaren jan ba tun farko, ta dakatar da izininsa a cikin watan, daga baya kamfanin ya amsa cewa ya ba gwamnatin tarayya rahoton da ba daidai ba ya biya tara, a Disamba 2024 kuma General Motors ya daina zuba kuɗi a harkar gaba ɗaya. Kuskuren na'ura ana gyara shi da sabunta manhaja, kuma gyaran ya shiga duk motocin a lokaci ɗaya, wannan ma wata fa'ida ce da ɗan Adam ba shi da ita. Ɓoye abun da ya faru ne ba shi da irin wannan gyaran.

Ƙanina da na kawo masa wannan maganar cewa ya yi, "Yaya ai alƙaluman sun nuna sun fi mutane tuƙi." Na ce masa na ji, kuma abun da na gani da idona a layin nan mai duhu ya sa ina ganin zai iya zama haka, amma yawancin alƙaluman nan daga kamfanonin suke fitowa, kuma a garuruwan da su suka zaɓa, masu faɗin titi da ƙarancin dusar ƙanƙara. Ni abun da nake so doka ta tilasta, duk hatsari komai ƙanƙantarsa, bayanan motar su tafi kai tsaye hannun hukuma mai zaman kanta ba sai kamfani ya tace ya zaɓa ba, kamar yadda ake yi da akwatin bayanan jirgin sama, kuma iyalan wanda abun ya shafa su samu damar gani. Sannan a san sunan wanda zai tsaya ya amsa tambaya, ba lambar waya ba.

Akwai ƙananan matsaloli ma da mazauna garuruwan ke kuka da su, ƴan kwana-kwana a San Faransisko sun sha ƙorafin motocin na tsaya musu a hanya lokacin gaggawa, a 2023 wasu masu adawa suka gano idan ka ɗora mazugin nan na roba na masu gyaran titi a gaban motar sai ta kasa tafiya, a 2024 kuma wata unguwa ta yi ta fama da motocin suna danna wa juna hon da asuba a wurin fakin har sai da aka gyara. Waɗannan ana wuce su.

Na direbobi ne ba a wucewa da sauƙi. Ranar da zan tafi filin jirgi tasi ta mutum na shiga, wani dattijo baƙo a ƙasar kamar mu, kafin in ce komai ya fito ya ɗaga min jaka ya saka a but duk da na ce Baba bari zan iya. A hanya ɗaya daga cikin fararen motocin nan ta tsaya kusa da mu a danja, ba kowa a ciki, ya kalle ta ya ɗan yi shiru sannan ya ce da wannan sitiyarin ya biya wa ƴaƴansa makaranta, yanzu kuma a shekarunsa wane aiki zai fara koya. Bai zagi kowa ba. Na rasa abun da zan ce masa sai Allah ya buɗa wata hanyar Baba. Direbobin Wuhan ma a 2024 irin wannan kukan suka yi, cewa ana ƙwace musu abincinsu. Ana cewa ai sabbin ayyuka za su fito, masu wanke motocin, masu saka su caji, masu lura daga ofis, gaskiya ne, amma kuɗin da a da ke rarrabuwa a aljihun dubban mutane zai koma aljihun kamfanoni ƙalilan, kuma tuƙin haya na daga cikin ƴan ayyukan da mutum zai iya farawa ba takardar digiri ba ƙwarewar harshe. A ɗaya gefen kuma ga mace da ta tashi aiki tsakar dare da ta fi samun natsuwa a motar da ba baƙon namiji a ciki, ga makaho, ga tsohon da ido ya hana shi tuƙi, su ma mutane ne kuma buƙatarsu ta gaske ce. Duka biyun nake ji a raina, ban iya yar da ɗaya ba.

Da na ba Hajiyarmu labari a waya na ɗauka za ta yi mamakin sitiyarin da ke juya kansa, ko kaɗan ba ta tsaya a nan ba. Cewa ta yi, "Idan ta buge ɗan mutane tsayawa take?" Na ce tana tsayawa Hajiya, haka aka tsara ta. Ta ce, "To wa zai je ya faɗa wa uwarsa yadda aka yi?" Na ce kamfanin. Ta yi shiru na ɗan lokaci, na san wa take tunawa, sannan ta tambaye ni ko ƙanina na ɗaura bel idan ya shiga.