Mun tsaya kan maganar auren jinsi, to auren da ke cikin cocinmu fa?

Duk Kiristan da ke bin labarin ikilisiya ya san rigimar nan ba yau ta fara ba. Tun 1998 bishop-bishop na Angilikan suka yi babban taronsu na Lambeth a Ingila suka ce aure tsakanin namiji ne da mace, sai gashi a 2003 cocin Episcopal, wato reshen Angilikan na Amurka, ya nada Gene Robinson bishop alhali yana zaune da namiji dan uwansa, daga nan zumunci ya fara tsagewa har aka kafa GAFCON, kungiyar Angilikan da ba su yarda da wannan sauyi ba, a Urushalima a 2008, su Peter Akinola, shugaban cocin Angilikan na Najeriya a lokacin, na gaba-gaba. A 2023 cocin Ingila ya amince a rika yiwa masu zaman jinsi daya addu'ar albarka. Ko da Vatican ta fitar da tata takardar mai ba da izinin sa musu albarka a Disambar shekarar, bishop-bishop na Katolika a Afirka cewa suka yi su kam ba za su yi ba.

Ni ina tare da su akan wannan, ban boye ba. Farawa 2:24 a fili take, kuma Yesu da bakinsa ya maimaita ta a Matiyu 19. Zamani ya canza, amma ban ga inda aka bamu izinin gyara nassi don ya dace da zamani ba.

Amma abinda ke ci mini rai shine yadda muke da zafi akan abinda ke faruwa a Landan, na cikin gida kuma mun yi shiru. Matar da mijinta ke jibga kullum, in ta kai kara wurin dattawan ikilisiya me ake ce mata? Ki yi hakuri, ki ci gaba da addu'a, abinda Allah ya gama kada mutum ya raba. Shi kuma ran Lahadi yana zaune a gaba, ba wanda ya taba sa shi a horo, alhali Afisawa 5:25 shi aka cewa ya kaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya kaunaci ikilisiya. Yarinya kuwa ta yi ciki, kowa sai ya ji sunanta, saurayin ya sulale abinsa.

Ga tsadar aure. Sadaki, akwatuna, anko, kudin hol, kek, shinkafar da za ta ishi gari guda, saurayi mai karamin albashi ya zai yi? Sai su tare haka nan ba daurin aure, mu kuma mu ce yaran zamani sun lalace, bayan iyaye ne suka rubuta musu dogon lissafin.

Sannan ku dubi Taraba. Bayan babban taron United Methodist na 2024 a Amurka ya cire haramcin da ke kan auren jinsi, cocin ya dare biyu a Najeriya, wasu suka koma Global Methodist, cocin da ya balle daga United Methodist, aka shiga rikicin gine-gine da kadarori har aka rasa rayuka a yankin Karim Lamido. Mutanen da suka yi shekaru suna cin jibin Ubangiji tare! Wannan ya dame ni matuka.

Dan Allah fastocinmu da shugabannin zumuntar mata, a zauna a kayyade kudin aure yadda talaka zai iya, kuma duk mijin da ya daga hannu ya mari matarsa a kira shi gaban dattawa a wannan satin, ko da shi ne ya fi kowa ba da zakka.