Kalmar light da abin da nake gani a shagona na kayan wuta

Shekara goma sha ɗaya kenan ina sayar da kayan wuta a Sabon Gari nan Kano, su gulob, waya, soket, fitilar sola da tocila, ni da yarana biyu, kuma wallahi ba kalmar turancin da take shiga kunnena kullum kamar light. Wani zai leƙo ya ce Alhaji an kawo lait kuwa? shi wutar NEPA yake nufi, duk da sunan NEPA ɗin ya canza tun 2005 amma bakin mutane ya ƙi saki. Wani ya ce a ba shi lait biyu na ɗaki, wannan kuma fitila yake so. Ita tocila ma da muke faɗa daga torchlight ta samo asali, haka laita ta kunna gas daga lighter take.

Akwai ranar da ƙaramin yarona ya ga an rubuta lightweight a kwalin wata fitilar caji sai ya ce wa kwastoma ai wannan ta fi haske, na kira shi gefe na ce a'a, a nan light ɗin mara nauyi yake nufi, ba ruwansa da haske. Kamar yadda tela in ya ce light blue, shuɗi ne wanda bai ciza ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne yawancin mutanenmu da watt suke auna haske. Watt fa yawan wutar da ƙwan yake sha ne, shi hasken kansa da lumen ake auna shi, za ka ga an rubuta lm a gefen kwali da ƙananan baƙi. Tsohon gulob ɗin nan mai zafi na watt 60 yana ba da kusan lumen 800, LED mai watt 9 ko 10 zai ba ka haka ɗin, to ka duba mai ƙaramar sola da batir ɗaya wanda yake lallaɓa shi ya kai asuba, wanne ya kamata ya ɗauka? Sai ka yi ta bayani mutum ya ce shi dai a ba shi mai babbar lamba, ga wasu kwalayen ma lambar ƙarya ce, a rubuta watt 50 ka kunna ka ga kamar aci-balbal.

Wani tela maƙocina ya zo ransa a ɓace, wai da daddare ya yi wa farar shadda aiki da zare, gari na wayewa ya ga zaren ruwan madara ne, sai da ya farke aikin kaf. Na bi shi shagon na ɗaga kai, ƙwansa mai 2700K ne (lambar K ɗin launin hasken take nunawa), irin mai ɗan ja-ja ɗin nan da ake rubuta wa warm white, na ce Malam wannan na ɗakin kwana ne, kai daylight za ka sa mai 6500K, fari tas. Na hau benci na canza masa, ya ɗauko zaren biyu ya jera a tafin hannu yana ta kallo, ya ce ashe ba idona ba ne.

Tun lokacin na kafa katako a bakin shago da holda uku, duk mai sayen ƙwai sai na ɗaura masa na kunna ya gani da idonsa kafin ya miƙo kuɗi, in ba wuta na jona da batir.